Yaro a hannun hukuma a Ingila: sunan da ke kan takarda ne ke yanke rabonsa

A ranar 31 ga Maris 2024, yara 83,630 ne ke hannun ƙananan hukumomi a Ingila. Kusan biyu bisa uku nasu an karɓe su ne saboda cin zarafi ko sakaci a gida, kuma kusan biyu bisa uku suna zaune ne a gidajen masu riƙo, ba a gidajen yara na hukuma ba. Daga nesa mutum zai ɗauka cewa duk yaron da ya bar hannun iyayensa gata ɗaya zai samu. Ba haka abin yake ba. Yara biyu na iya barin gida a mako ɗaya, bisa dalili ɗaya, ɗaya ya samu kuɗin ciyarwa da mai bibiyar karatunsa da tallafi har ya kai shekara 25, ɗayan kuma ya tashi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Abin da ya raba su shi ne sashen dokar da aka rubuta a takardarsu, da kuma lissafin kwanaki.

Wannan bayani na Ingila ne kaɗai. Sukotlan da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da nata tsarin. Kuma a Ingila ma ba gwamnatin tsakiya ce ke riƙe da yaran ba. Ita doka take kafawa, ta ba da wani kaso na kuɗi, nauyin kuwa yana wuyan ƙananan hukumomi sama da 150, kowacce da aljihunta da halinta.

Ƙofofin shiga

Uwar dokokin ita ce Dokar Yara ta 1989. Sassa uku ne a cikinta ya kamata kowa ya riƙe.

Sashe na 17 na yaron da ke da buƙata ne amma yana hannun danginsa. Hukuma na iya taimakawa da kuɗi ko kaya ko shawara, amma yaron bai shiga hannunta ba, don haka babu wani alkawari mai tsawo a kansa.

Sashe na 20 shi ne wanda hukuma ke bai wa yaro masauki da yardar iyaye, ko kuma idan babu mai ɗaukar nauyinsa. Nan yaro ya zama ɗan hannun hukuma, amma ikon iyaye yana nan cur a wurinsu. Suna iya zuwa su ɗauki ɗansu, sai dai in ya kai shekara 16 kuma ya ce shi zai zauna. Kotuna sun sha tsawata wa ƙananan hukumomi kan barin yara su shafe watanni ko shekaru a ƙarƙashin wannan sashe ba tare da an kai maganar gaban alƙali ba, da kuma karɓar sa hannun iyayen da ba su fahimci abin da suka amince da shi ba. Uwar da Turanci bai zauna mata ba tana da damar neman tafinta da lauya kafin ta sa hannu.

Sashe na 31 shi ne umarnin kotu. Sai hukuma ta gamsar da alƙali cewa yaron yana shan cutarwa mai tsanani, ko yana gab da shan ta, kuma dalili shi ne irin kulawar da yake samu ko kuma ya fi ƙarfin iyayensa. Idan aka bayar da umarnin, hukuma ta yi tarayya da iyaye a iko kan yaron, kuma ita ke da ta cewa a inda aka saɓa, har yaron ya cika 18 in ba a soke ba. Tun 2014 doka ta ce a kammala irin wannan shari'a cikin mako 26, ko da yake da yawa kan zarce. Iyaye na samun lauya kyauta ba tare da an duba samunsu ba, yaron ma yana da nasa lauyan da wakili mai kare muradinsa daga hukumar Cafcass.

A halin gaggawa 'yan sanda na iya riƙe yaro har awa 72. Kotu kuma na iya bayar da umarnin gaggawa na kwana 8, a ƙara kwana 7 sau ɗaya tak.

Abin da ke kan hukuma muddin yaron na hannunta

Wata doka ta 2017 ta ɗora wa ƙananan hukumomi ƙa'idoji bakwai na zama uwa da uba ga waɗannan yara. Amma abin da ake iya kama hukuma da shi a zahiri shi ne jadawalin kwanaki. Jami'in walwalar yara zai ziyarci yaron cikin makon farko a sabon masauki, daga nan a ƙalla duk mako shida a shekarar farko. Za a duba lafiyarsa cikin kwanakin aiki 20, sannan duk wata shida ga ɗan ƙasa da shekara biyar, sau ɗaya a shekara ga wanda ya haura. Zaman bitar halin da yake ciki kuwa na farko cikin kwanakin aiki 20 ne, na biyu cikin wata uku, sauran duk wata shida. Wani jami'i na daban, wanda ba ya ƙarƙashin masu riƙe da fayil ɗin yaron, shi ke jagorantar zaman, kuma yana da ikon kai ƙorafi sama in an yi wasa da shirin.

Ta fuskar karatu gatan ya fi fitowa fili. Yaron da ke hannun hukuma shi ne na farko a layin samun gurbi a makarantun gwamnati. Kowace ƙaramar hukuma na da jami'i guda da ake kira shugaban makarantar da ba ta da gini, aikinsa bin diddigin karatun duk yaran da ke hannunta ko a ina suke. Ta hannunsa ake kashe wani kuɗi na musamman, fam 2,570 kan kowane yaro a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025. Kuɗin ba ya shiga hannun yaro ko mai riƙo. Ana kashe shi ne bisa rubutaccen shirin karatun yaron, a kan ƙarin darasi ko kwamfuta ko makamancinsu. Mai riƙon da bai halarci zaman tsara shirin ba, ba zai san inda kuɗin ya bi ba.

Yaron da ya cika wata 12 a hannun hukuma ana buɗe masa asusun ajiya da fam 200, ya karɓa in ya kai 18. Da yawa kan bar hannun hukuma ba su ma san da shi ba.

Akwai kuma abin da ya fi damun iyaye Musulmi. Doka ta wajabta wa hukuma ta yi la'akari da addinin yaro da asalinsa da al'adarsa da harshensa a duk shawarar da za ta yanke. Ko da umarnin kotu a hannunta, ba ta da ikon sa a tarbiyyantar da shi kan wani addini daban, ba ta iya canza masa sunan mahaifi, ba ta iya fitar da shi daga Birtaniya fiye da wata guda sai da yardar masu iko a kansa ko ta kotu. Sai dai la'akari ba ya nufin dole a samo masa gidan Musulmi. In babu irin gidan a kusa, za a kai shi inda aka samu, a rubuta maganar abincin halal da salla da azumi a cikin shirinsa. Rubutawa ɗaya, aiwatarwa ɗaya, shi ya sa zaman bita ke da amfani ga iyaye.

Mai riƙo yana karɓar kuɗin ciyar da yaro kowane mako. Gwamnati ce ke tsayar da mafi ƙarancinsa, kuma a shekarar 2024 zuwa 2025 ya kama daga fam 165 zuwa fam 289, gwargwadon shekarun yaron da yankin, Landan ce ke kan gaba. Yawancin hukumomi da kamfanonin riƙo na ƙara ladan aiki a kai. Akwai kuma rangwamen haraji mai kauri, wanda ya sa mafi yawan masu riƙo ba sa biyan haraji kan wannan kuɗi.

Idan dangi ne suka karɓa

Nan ne takarda ta fi yin aiki. A ɗauka kaka ce ta karɓi jikanta. In iyali ne suka shirya a tsakaninsu, hukuma ba ta sa hannu ba, kakar ba ta da haƙƙin kuɗin riƙo. Abin da za ta samu shi ne tallafin yara na gama-gari da kowa ke nema. In kuwa hukuma ce ta kawo mata yaron a matsayin ɗan hannunta, tilas a tantance ta a matsayin mai riƙo. Ana iya ba ta amincewar wucin gadi ta mako 16, a ƙara mako 8, kuma za ta karɓi kuɗin ciyarwa kamar kowane mai riƙo. Gida ɗaya, kaka ɗaya, yaro ɗaya, amma rabon ya bambanta.

Rigimar kan taso ne a tsakiya. Jami'i ya buga waya da dare ya ce ko ki karɓe shi ko mu kai shi wani gida. Kaka ta karɓa. Bayan wata biyu ta nemi kuɗi, a ce mata ai shirin iyali ne. Kotuna sun yanke cewa idan hukuma ta taka babbar rawa wajen kai yaron, kuma ba ta fayyace tun farko cewa ba za ta ɗauki nauyi ba, to yaron ɗan hannunta ne. Don haka tambayar da ya kamata dangi su yi a ranar farko, kuma su nemi amsa a rubuce, ita ce: a ƙarƙashin wane sashe aka kawo yaron nan?

Akwai hanya ta uku, umarnin riƙo na musamman, wanda ya fara aiki a ƙarshen 2005. Yana bai wa mai riƙo iko a kan yaro har ya kai 18 ba tare da an yanke nasabarsa da iyayensa ba. Ɗaya daga cikin dalilan da gwamnati ta bayar lokacin kawo shi shi ne cewa wasu al'ummomi na da matsala ta addini da al'ada da tsarin mayar da yaro ɗa na har abada, wanda ke shafe dangantakarsa da mahaifansa a doka. Ga Musulmi wannan ya fi kusa da kafala. Amma yana da farashi. Da zarar an bayar da umarnin yaron ya fita daga hannun hukuma, alawus ɗin mai riƙo ya koma abin da ake auna shi da samunsa kuma ake sake dubawa, sannan in an yi hakan kafin yaron ya kai 16, ya rasa cikakken tallafin masu barin hannun hukuma. Fifikon gurbin makaranta da kuɗin karatu dai suna binsa. Mai hankali kan sa a rubuta adadin alawus da tsawon lokacinsa a shirin tallafi kafin alƙali ya sa hannu, domin bayan nan ƙarfin ciniki ya tafi.

Riƙo irin namu kuma, wato a aika yaro wurin wani ɗan'uwa ko aminin uba ya yi karatu, yana da nasa hukunci a can. Idan yaro bai kai 16 ba (18 in yana da naƙasa), kuma zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba dangi na kusa ba, dole a sanar da ƙaramar hukuma, tun mako shida kafin zuwansa in an san da maganar. Dangi na kusa a wannan doka su ne kaka, wa ko ya ko ƙani, kawu ko baffa, inna ko gwaggo, da mijin uwa ko matar uba. Ɗan baffa ba ya ciki, ƙanwar kaka ba ta ciki, aminin uba ba ya ciki ko da yaron Baba yake kiransa. An ƙara ɗaure wannan ƙa'ida bayan mutuwar Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara takwas daga Kodebuwa da ta rasu a Landan a Fabrairun 2000 a hannun 'yar'uwar kakanninta da saurayin matar. Binciken Lord Laming na 2003 ne ya haifar da Dokar Yara ta 2004. Sanarwar ba ta mayar da yaro ɗan hannun hukuma, kuma ba ta kawo kuɗi. Ziyara kawai take kawowa. Ƙin yin ta kuwa laifi ne.

Mako 13 da ranar cika shekara 16

Duk tallafin da ke biyo bayan barin hannun hukuma ya rataya ne a kan lissafi guda da ya samo asali daga wata doka ta shekarar 2000. Sai yaro ya yi jimillar mako 13 a hannun hukuma tun daga cikarsa shekara 14, kuma wani ɓangare na lokacin, ko da kwana ɗaya ne, ya faɗo bayan ya cika 16. Wanda ya cika wannan sharaɗi ya samu cikakken rabo. Wanda ya shekara goma a hannun hukuma amma aka mayar da shi gida yana da 15 da wata 11, ba ya ciki. Wanda aka mayar wa iyayensa yana 16 ko 17 kuma ya zauna wata shida a jere, shi ma matsayinsa ya sauka zuwa na shawara da ɗan taimakon da hukuma ta ga dama.

Wannan lissafi ne ya sa hukuncin 2009 na Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙolin ƙasar, a shari'ar ƙaramar hukumar Southwark ke da nauyi. Kafin nan, ɗan shekara 16 ko 17 da ya rasa wurin kwana akan tura shi sashen gidaje a ba shi ɗaki, shi ke nan. Hukuncin ya ce irin wannan yaro, in yana da buƙata, sashen yara ne zai ɗauke shi ƙarƙashin sashe na 20. Har yanzu akan samu inda ake gabatar wa yaron zaɓi biyu a gurguje: ɗakinka da 'yancinka, ko ka shiga hannun hukuma da dokokinta. Ɗan shekara 17 wanne zai ɗauka? Ba kasafai ake zaunar da shi a lissafa masa abin da ya bari ba.

Ga abin da ya bari. Mai ba da shawara na kansa, wanda tun Afrilun 2018 yake iya nema har ya kai 25 ko yana karatu ko ba ya yi. Rubutaccen shirin makomarsa, mai ɗauke da maganar gida da karatu da aiki da lafiya da kuɗi, wanda ake sabuntawa duk wata shida. Kuɗin kayan ɗaki na farko, wanda gwamnati ta ɗaga mafi ƙarancinsa daga fam 2,000 zuwa fam 3,000 a Afrilun 2023. Tallafin har fam 1,200 a shekara ga mai karatu tsakanin shekara 16 zuwa 19. Fam 2,000 ga wanda ya shiga jami'a, da masauki lokacin hutu in ɗakunan ɗalibai sun rufe. Fam 3,000 ga wanda ya shiga koyon sana'a a wurin aiki, tun Agustan 2023. Fifiko a dokar marasa gida daga shekara 18 zuwa 20. Kuma har ya kai 25 ba a ƙayyade masa tallafin haya a kan kuɗin ɗaki guda a gidan haɗaka, kamar yadda ake yi wa sauran matasa marasa aure. Yafe harajin gida kuwa ya danganta da ƙaramar hukumar. Doka ta tilasta wa kowacce ta wallafa jerin abin da take bai wa matasanta, kuma in aka jera na maƙwabta biyu akan ga tazara mai yawa.

Tun 2014 matashin da ke gidan mai riƙo na iya ci gaba da zama har ya kai 21 in duka ɓangarorin sun yarda. Tsarin yana da kyau, amma mafi ƙarancin kuɗin nan da gwamnati ta tsayar ba ya aiki bayan shekara 18, don haka samun mai riƙo kan ragu, kuma ɗakin da matashin ke ciki ɗaki ne da zai iya karɓar wani yaro a cikinsa. Dokar ta 2014 ba ta haɗa da yaran gidajen hukuma ba, alhali su ne galibi suka fi rauni.

Yaran da suka iso su kaɗai

Fiye da yara 7,000 cikin 83,630 ɗin nan na Maris 2024 masu neman mafaka ne da suka iso ba tare da babba ba, mafi yawansu samari 'yan 16 da 17, kuma Sudan na cikin ƙasashen da suka fi fitowa. Ana ɗaukar su ƙarƙashin sashe na 20. A wurinsu lissafin mako 13 kan zama na kwanaki: wanda ya iso saura wata biyu ya cika 18 ba zai cika sharaɗin ba. Ga kuma jayayya kan shekaru. In ma'aikatar cikin gida ta ce ya girmi abin da ya faɗa, za a kai shi masaukin manya. Tun hukuncin 2003 a shari'ar ƙaramar hukumar Merton kotu ta ce ba a yanke shekarun yaro da kallon fuska kawai in akwai shakka, sai an yi tantancewa ta adalci, kuma a aikace ƙwararrun jami'ai biyu ne ke yin ta. Ana iya ƙalubalantar sakamakon a kotu.

Matsalar takardun zama ba ta tsaya kan waɗannan ba. Akwai yaran da aka haifa a Birtaniya ko aka kawo su suna ƙanana, suka shiga hannun hukuma, ba wanda ya duba matsayinsu sai ranar da suka nemi bashin karatun jami'a aka ce ba su cancanta ba. Wanda aka haifa a can kuma ya yi shekaru goma na farkon rayuwarsa a ƙasar yana da haƙƙin rajistar zama ɗan ƙasa, kuma tun Yunin 2022 an yafe kuɗin rajistar ga yaran da ke hannun hukuma. Yafewar na aiki ne kafin a cika 18.

Inda kuɗin ke zurarewa

Gidajen yara kusan huɗu cikin biyar na kamfanoni ne masu neman riba. Hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta gano a 2022 cewa manyan kamfanonin na cin ribar kusan kashi 22.6 cikin ɗari, kuma matsakaicin kuɗin yaro ɗaya a gidajensu ya kai fam 3,830 a mako a 2020. Gurabe sun yi ƙaranci, kuma an fi gina gidajen inda filaye ke da araha, ba inda yaran suke ba. Sakamakon haka ake kai yaro nesa da makarantarsa da 'yan'uwansa, kuma kusan ɗaya cikin goma na sauya masauki sau uku ko fiye a shekara guda. Binciken tsarin kula da yara da Josh MacAlister ya jagoranta, wanda ya fito a Mayun 2022, ya nemi a zuba kusan fam biliyan 2.6 cikin shekaru huɗu, a karkata su wajen taimakon iyali tun kafin abu ya lalace. Amsar gwamnati a Fabrairun 2023 fam miliyan 200 ce na shekaru biyu. An dai haramta ajiye 'yan ƙasa da 16 a masaukin da ba a sa ido a kansa tun Satumban 2021, kuma daga Oktoban 2023 masaukan 'yan 16 da 17 sai sun yi rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren kula da yara. Duk da haka, a 2024 kashi 39 cikin ɗari na matasan da suka bar hannun hukuma masu shekara 19 zuwa 21 ba sa karatu, ba sa aiki, ba sa koyon sana'a, kusan ninki uku na sa'anninsu.

Yaro ko matashin da aka hana shi haƙƙinsa yana da damar samun mai magana da yawunsa wanda ba ma'aikacin sashen ba ne, kuma hukuma ce za ta samar masa. Ƙorafi yana da hawa uku: amsa daga sashen cikin kwanakin aiki 10, ko 20 in maganar ta yi sarƙaƙiya, sai bincike da mutum mai zaman kansa a ciki, sai kwamitin mutum uku masu zaman kansu. In bai gamsu ba sai ya wuce ofishin mai sauraron koke kan ƙananan hukumomi, wanda kan ba da shawarar a gyara matsayin matashin a fayil, a kuma biya shi abin da ya rasa. Yana kuma da ikon neman fayil ɗinsa gaba ɗaya kyauta, kuma a ƙa'ida a ba shi cikin wata guda, in fayil ɗin ya yi yawa a ƙara wata biyu. A cikinsa ne zai ga ranar da aka karɓe shi da sashen da aka rubuta.